Kafin a girke injin niƙa a ɗakin gona

Bayan kaka, manoma da dama a Daura, Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua kan sayo injin niƙa ko na sussuka daga Kano, su biyo da shi ta Kazaure. Wahalar takan fara ne a ƙofar ɗakin da za a girke shi.

Injin dizal samfurin Lister mai silinda ɗaya ya haura kilo 300, ga ƙasar yankin rairayi ce, mota mai kaya kan kafe tun ba ta kai bakin ƙofa ba. Mai dabara yakan shimfiɗa katakai masu kauri, ya jera bututun ƙarfe uku ko huɗu a kansu, a ɗora injin ana turawa sannu a hankali, bututun da ya fito ta baya a mayar da shi gaba. Wajen saukewa kuwa, sai ya ari sarƙar ɗaga kaya wurin bakanike, a rataye ta a ƙarfe mai ƙafa uku. Azarar rufin ɗaki ba ta ɗaukar wannan nauyi.

Ya kamata manomi ya auna faɗin ƙofa kafin ya biya kuɗi.

Daɓen kankaren da za a girke injin a kai yana buƙatar kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfi, kuma tun yana ɗanye ake binne kusoshin ɗaure injin. Salansar injin kuma a fitar da bakinta waje, domin hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa.