Zuwa ga yaran Tudun Wada masu kiwon ɓeran Masar



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a zauren gidanmu washegarin Ƙaramar Sallah. Wani ɗan ƙanena ya shigo da kwali a rungume, hawaye shaɓe-shaɓe, wai ɓeran Masar ɗinsa ya mutu. Na leƙa. Ga shi nan a takure a kusurwa, ya sandare, ido waje ba ƙiftawa, amma haƙarƙarinsa na harbawa da sauri. Na ce a ajiye kwalin a inuwa, na rufe rabinsa da tsohon zane, na kori kowa. Da muka dawo daga sallar la'asar sai muka tarar da shi yana gaigayar ganyen latas kamar ba shi ba. Ashe abokan yaron ne suka fasa nakawut a ƙofar gida, ɓeran ya zabura, yaron kuma ya bi shi ya damƙe yana jijjigawa wai ya farfaɗo.

Ba laifinsa na gani ba, ƙauna ce ta sa shi. Amma da yawanku haka kuke yi.

Ku fara sanin wanda kuke kiwo. Mu ne muka laƙaba masa Masar, shi bai san hanyarta ba. Asalinsa duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa don nama, har gobe kuma ana gasa shi a can. A ƙarni na 16 ne fataken Turawa suka kai shi Turai. Danginsa na daji garke-garke suke yawo cikin ciyawa, kuma su abincin kowa ne: tsuntsu daga sama, maciji daga ƙasa. Ba shi da ƙaho, ba shi da dafi, ba ya hawa bishiya. Dabara biyu kawai Allah ya ba shi: ko ya ƙame wuri ɗaya don kada a gan shi, ko ya kwasa a guje ya faɗa maɓoya. Ko yana kwance lafiya zuciyarsa kan buga sama da sau 200 a minti ɗaya, ina ga ya firgita.

To ku dubi inda muka ajiye shi. A ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta a jikin katanga. Mai babur ya yi ta zuga inji a lungu. Tsawar farkon damina a kan rufin kwano, bindigogin ranar hawa, mage a kan katanga, gafiya da tsakar dare, shirwa tana shawagi a saman tsakar gida. Duk wannan kuma yana cikin kejin waya da ake hango shi ta ko'ina, ba inda zai cusa kansa.

Abin da ya fi duk waɗannan tayar masa da hankali kuwa shi ne hannunku. Hannun da ya sauko masa daga sama da sauri, a wurinsa ba shi da bambanci da faratan shaho. Don haka in ya firgita, abu na farko da za ku yi shi ne ku janye hannu. Kada ku bi shi kusurwa-kusurwa. Kada ku kira abokai su zo kallo. In za a iya kashe abin da ke ƙara, a kashe. In ba za a iya ba, a ɗauki kejin a hankali a shigar ɗaki, a yafa masa zane ta sama da gefe biyu, a bar gefe ɗaya don iska. Sai ku zauna a ƙasa daga ɗan nesa, ku riƙa magana ƙasa-ƙasa. Ko tilawar haddarku kuka yi ta isa, muryar da ya saba ji yake nema. Bayan ɗan lokaci ku ajiye ganye a bakin maɓoyarsa ku koma ku zauna. In ya leƙo ya ja ganyen ciki, tsoro ya fara saki. In kun ji yana kaɗa haƙora, kat-kat-kat, cewa yake ku ƙara matsawa baya.

Maɓoya ba sai an saya ba. Ƙaramin kwali da aka yanke wa ƙofa biyu ya isa, ko tsohuwar tukunyar ƙasa mai fasasshen baki a kife. Na ce ƙofa biyu domin in ya san akwai mafita ta baya ya fi sakin jiki. Kowane ɓera da maɓoyarsa, kuma in ya shiga an bar shi ke nan, ba a ɗaga kwalin a zaro shi.

In ta kama dole a ɗauke shi, ku zo masa ta gaba, ta ƙasa, yana ganinku. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabi ƙugu, ku haɗa shi da jikinku kuna zaune. Firgitaccen ɓeran Masar kan fizge, kuma faɗowa daga hannun yaron da ke tsaye kan siminti ta isa ta karya masa baya. Kamun kunne da kuke yi wa zomo kuwa, ko zomon ma zalunci ne.

Wani abin da nake gani yana ba ni tausayi shi ne ɓera ɗaya tal a keji. Dabbar garke ce. A Suwizalan, tun 2008 doka ta hana mutum ya ajiye ɗaya shi kaɗai. Ranar da na fara jin wannan dariya na yi, na ce Turawa sun rasa aikin yi. Daga baya da na lura da yadda biyu kan cusa kai wuri guda in an yi tsawa, kuma su riga na kaɗaici fitowa, sai na daina dariyar. Sai dai ku yi lissafi: namiji da mace, cikin wata biyu da 'yan kwanaki kun sami ƙari. Mata biyu sun fi sauƙi. Kada kuma ku haɗa shi da zomo, shurin zomo ɗaya na iya illata shi.

Yanzu ga inda nake so manyanku su saurara da kyau. Tsoro na wucewa cikin 'yan mintoci, in ya daɗe awa ɗaya ko biyu. Ɓeran da ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, gashinsa a tashe, wannan ciwo ne, kuma irinsu ɓoye ciwo suke har sai ya ci ƙarfinsu. Cikinsu ba ya jure zama ba abinci. Wanda kuma kuka tarar a shimfiɗe yana haki a zafin Maris da Afrilu, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu. Wani kuma in an taɓa shi sai ya yi ƙara, ku ɗauka tsoro ne, alhali gaɓoɓinsa ke ciwo saboda rashin bitamin C. Jikinsa, kamar namu, ba ya haɗa bitamin C da kansa. Da ɓeran Masar ma wasu likitoci biyu a Nowe, Holst da Frølich, suka yi gwajin ciwon rashin bitamin ɗin a 1907. Dusa kaɗai ba ta riƙe shi. Ciyawa ce tushen abincinsa, a ƙara masa yankan gwaba ko koren tattasai, ko ganyen latas da kabejin da masu kayan miya a kasuwar Tudun Wada ke ɓarewa su zubar. Albasa da ganyen dankalin Turawa, a'a.

Don Allah kada wanda ya buɗe ragowar kafso na gida ya ɗura masa. Magungunan dangin fenisilin, irin su Ampiclox, kashe ɓeran Masar suke yi. Ku gaya wa babba a gida. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ba nisa.

Akwai tukwane biyu masu fasasshen baki a bayan ɗakina, da buhun kwalaye. Mai so ya zo bayan la'asar, amma ya bar nakawut ɗinsa a gida. Ku gaishe mini da iyayenku.

Naku,
Kawu