Yaya Unguwar Nima Ta Kafu?

Wani mai sauraronmu daga Maamobi ya tambaya: shin wane ne ya kafa Nima, kuma ina iyakarta?

To, madalla da wannan tambaya. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai harkar shanu, ya samu filin daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga. A lokacin wurin kiwo ne a bayan garin Accra. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi suka kwararo daga arewacin Ghana, Najeriya, Nijar, Mali da Burkina Faso, Hausa ta zama harshen kasuwa.

Yau Nima na maƙwabtaka da Kanda, inda aka buɗe Masallacin Ƙasa a 2021, kuma babban kwalbati ne ya raba ta da Maamobi.