Filin Shawara: Falona Ya Zama Masaukin Samarin Gida

Ina zaune a Apo da maigidana da 'ya'yanmu huɗu, a ɗaki ciki da falo. Shi kayan gyaran mota yake sayarwa a kasuwar makanikai. Tun bara danginsa suke turo mana samari daga Katsina, wai su zo Abuja neman kuɗi. Yanzu su uku ke kwana a falo, ba aikin fari ba na baƙi, sai latsa waya. Kwanon shinkafar da ke kai mu kwana biyu, yanzu a girki ɗaya yake ƙarewa, ga babbar 'yata ta fara zama budurwa. An ce wani ma yana tafe bayan Sallah. In na buɗe baki a ce ba na son dangin miji. Yaya zan yi?

Maman yara, Apo

'Yar uwa, Allah ya ba ki ladan ciyarwa. Kukanki yana kan hanya, kuma ba gidanki kaɗai ba ne.

A ƙidayar 2006, mutanen Najeriya miliyan 140 ne, na Babban Birnin Tarayya kuwa wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Yau ƙasar ta haura miliyan 200, kuma fiye da rabinmu ba su kai shekara 20 ba. Gonar da ta riƙe kaka, yau jikoki ke yanka ta kunya-kunya, a wasu ƙauyukan Katsina ma 'yan bindiga sun hana noman gaba ɗaya. Yaran nan ba don su takura miki suka zo ba. Gida ne ya yi musu kaɗan.

Amma ajiye saurayi yana ci yana kwanciya ba zumunci ba ne, kashe masa zuciya ne. Ki nemi lokacin da maigida ya ci abinci ya huta, kada ki fara da lissafin shinkafa. Ki ce masa, "Baban yara, ƙannenmu amana ne a hannunmu, me za mu ce wa iyayensu in suka koma hannu rabbana?" Daga nan ki kawo shawara.

Arziki yana bakin shagonsa. A kasuwar nan akwai makanikai, masu walda, masu fenti da masu gyaran wutar mota. Ya ɗauki kowane yaro ya damƙa shi hannun ubangida mai amana, a gaban shaidu. Kada ya yi saurin saya musu babur: tun 2006 aka hana acaba a tsakiyar Abuja, kuma ana kama babura. Ya yanka musu wa'adi, su shiga adashi, su haɗa kuɗi su kama ɗaki a Waru ko Kabusa inda haya ta fi sauƙi.

Batun 'yarki kuwa ba ya jiran wa'adi. Addini ya yi umarnin raba wa yara makwanci. Ta riƙa kwana a ciki tare da ke, kuma ki faɗa wa mahaifinta dalili ba kunya.

Shi kuma mai zuwa bayan Sallah, maigida ya kira babban gida da bakinsa ya ce a dakata sai an samo masa wurin koyon sana'a. In maganar ta fito daga ɗansu, ba mai ɗora miki laifi. Allah ya rufa asiri, ya sa yaran nan su zama masu riƙe wasu.