Shin Jiki Yana Ƙin Ƙarfen Da Aka Sa A Ƙashi?

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne a Magama, bakin iyakar Jibiya. Na karye a cinya a hanyar Ɗan Isa, aka sa mini ƙarfe a Katsina. Mutane suna ta gaya mini wai jiki zai ƙi shi, ya ruɓar da ƙashin. Gaskiya ne?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara afuwa. Ka kwantar da hankalinka, jiki ba ya ƙin ƙarfe irin ƙin da yake yi wa ƙodar da aka dasa. Ƙoda tana ɗauke da alamomin jikin mai ita, garkuwar jiki ta gane baƙuwa ce ta far mata. Ƙarfe ba shi da waɗannan alamomi, shi ya sa ba a ɗora ka a kan maganin danne garkuwa ba.

Amma fa garkuwar ta san da zamansa. Ana sa shi, sinadaran furotin na jini suke lulluɓe shi. Sai fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, cikinsu har da makurofaj, masu aikin haɗiye datti. Kumburi da zafin kwanakin farko aikinsu ne, kuma da su warkewa take farawa. Da suka ga ƙarfen ya fi ƙarfin haɗiya, sai jiki ya naɗe shi da siririn tantani ya rabu da shi. Idan ƙarfen na taitaniyom ne, ƙashi kan manne masa kai tsaye, abin da Per-Ingvar Branemark na ƙasar Suwidin ya lura da shi a ƙashin zomo a shekarar 1952.

Akwai waɗanda jikinsu bai jituwa da nikel, wanda ke cikin ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk wanda ƙarfen agogo kan fito masa da ƙuraje a hannu, ya gaya wa likita. Amma da wuya hakan ya kai ga cire ƙarfe.

Abin da ni nake ji maka tsoro shi ne ƙwayoyin cuta. Ƙarfe ba shi da jijiyoyin jini, don haka idan bakteriya suka samu shiga, sai su lafe a jikinsa su rufe kansu da yauƙi, kamar gansakukar cikin randa. A nan fararen ƙwayoyi ba sa iya cim musu, magani ma da ƙyar. Yawancin abin da ake kira jiki ya ƙi ƙarfe, wannan ne. Sai kuma gaggawa: hawa babur a ramukan hanya tun ƙashi bai haɗe ba yakan sassauta kusoshin, ko ya karya ƙarfen ɗungurungum. Na san zaman gida da wuya ga mai nema kullum, amma aikin tiyata na biyu ya fi shi tsada. Sigari da ciwon sukari da ba a kula da shi ba su ma suna jinkirta haɗuwar ƙashi.

Idan ka ga wurin ya yi ja, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko ciwon da ya lafa ya dawo, kada ka tsaya sayen kafso a kemis, kada kuma ka bari maɗori ya murza ko ya ja ƙafar. Ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin a ɗauki hoto. Idan abin ya buƙaci a tura ka gaba, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.