Yadda Ake Aikin Riga Aska Takwas

Rigar da sarki ke sawa a ƙarƙashin alkyabba ranar hawan sallah ba aikin mutum ɗaya ba ce. Kafin ta hau kafaɗarsa sai ta ratsa hannun masaƙi, maɗinki, mai zane, mai surfani da mabugi.

Daga masaƙa ake farawa. Saƙar hannu siririya take fitowa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai maɗinki ya yi ta harhaɗawa har riga ta kai faɗin da ake so, ya fitar da wuya, ya ɗora babban aljihu a ƙirjin hagu. Manyan da sun fi son saƙi, ko barage, ko tsamiya. Ita tsamiya silikinmu ce ta gida: gidan tsutsa ake tarowa a daji, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa da mazari. Jan alharini kuwa a da fatake ke ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus, da shi ake shafin gindin riga.

Sai zane. Yawanci malamin allo ne, don hannun da ya saba da alƙalami ba ya rawa. Da tawada zai fitar da asake takwas masu tsini, ya zagaya tambari a ƙirjin dama, ya haura kafaɗa ya sake wani a baya, ya cike aljihu da dagi da gida-gida. Tun zamanin daular Sakkwato irin wannan riga ce kyautar girma tsakanin sarakuna, kuma Bajamushen nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya yaba rigunan Nufe da ya tarar a kasuwa. Har gobe Zariya da Bida ba su da na biyu a wannan fanni.

Surfani shi ne inda ake gane gwani. Mai aiki na zaune a zaure, ya ɗora rigar a gwiwa, yatsunsa na hagu suna miƙe ƙyallen. Duk sirrin yana ga jan zare. In ya matse da yawa, ƙyallen ya tattare, aljihu ya karkace, kuma babu bugun da zai miƙar da shi. In ya sassauta, zare ya tashi, wanki biyu ya fara zarewa. Wurin da ya fi wuya shi ne ƙananan idanun nan da ake cike fili da su: a huda, a zagaye ramin da allura, a koma na gaba, ɗaruruwa, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Shi ya sa ba a ba ɗan koyo bakin aska. A baya ake sa shi, inda alkyabba za ta rufe. Riga ɗaya takan ci watanni. A Zariya, aikin da a da na maza ne zalla, yanzu matan kulle ma sun riƙe shi hannu bibbiyu.

Ƙarshe a kai wa mabuga. A yayyafa ruwa, a ninke bisa gungume, a yi ta dukanta da mabugi har ɗinkin ya kwanta, ƙyalli ya fito.

Yau keke na gama aska takwas cikin ɗan lokaci, kuma daga nesa ba ka bambancewa. In za ka saya, juya cikin rigar ka duba bayan ɗinkin. Aikin hannu ba ya ɓuya a nan, kuma in ka same shi, kada ka yi wa mai shi tayin wulaƙanci.