Amsoshin Tambayoyinku: Laifi ne in ɗauki 'yan ƙwadago daga Gaya da Illo?

Tambaya: Ni manomin shinkafa da albasa ne a Madekali, ƙasar Benin. Duk lokacin dashe da yanka ina ɗaukar 'yan ƙwadago daga Gaya da Dosso, wasu kuma daga Illo da Kamba. Bana wani ya ce mini tun da Nijar ta bar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, duk wanda ya sa ɗan Nijar aiki ya taka doka. Ƙanena da ke Ingila shi ma ya ce can sai an duba takardun mutum kafin a ba shi aiki. Wace takarda ce ya kamata in nema, kuma mene ne a wuyana?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, wanda ya ba ka labarin nan rabi ya ji. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025. Amma a ranar ce ƙungiyar ta sanar cewa ƙasashenta za su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga, su zauna, su nemi abincinsu, har sai an yanke wata shawara. Ga kuma abin da mutane suka cika mantawa: Nijar tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen sefa, tare da Benin. Yarjejeniyarta ta 1994 ta hana nuna wa ɗan wata ƙasar ƙungiyar bambanci wajen neman aiki, ban da aikin gwamnati. Mutanen Illo da Kamba kuwa, da yake Najeriya ba ta cikin ƙasashen sefa, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta rufe su: shiga ba biza har kwana 90, sannan ƙarin da aka yi mata a 1986 ya ba da damar zama don neman aiki. Ka ga ke nan kowane ɓangare da ƙofar da ya shigo ta ita.

Rufe gadar Malanbil ta kan iyakar Benin da Nijar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 shi ya ƙara rikita tunanin jama'a. Hana mota ƙetara gada magana ce tsakanin hukumomi, ba ta mayar da ladan mai yankan shinkafa haram ba.

Maganar ƙaninka ma gaskiya ce, amma ta can ce. A Ingila doka ta ɗora wa mai ba da aiki binciken takardun duk wanda zai ɗauka, kuma tun Fabrairun 2024 tarar farko tana kaiwa fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci. Ba a ɗora maka irin wannan aikin jami'in kan iyaka a Madekali ba.

To, me dokar Benin ta ce? Dokar ƙwadago ta 27 ga Janairun 1998 ta tanadi cewa baƙo mai aikin albashi ya mallaki izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, na wata 12, ana sabunta shi, a kuma rubuta kwangilarsa a buga mata hatimi. Kai kwangilar a buga mata hatimin nan aikin maigida ne, ba na yaronsa ba. Dokar da kanta ta bar gurbi ga yarjejeniyoyin da Benin ta sa wa hannu, irin waɗanda na ambata.

A nan sai ka raba mutanenka gida biyu. Akwai wanda kake riƙewa shekara da shekara: mai gadin sito, direban tarakta, yaron da ke kwana wurin injin ban-ruwa. Wannan ma'aikacinka ne sosai. Kafin ya fara, ka ɗauki katinsa ku je ofishin ƙwadago mai kula da Alibori, su gaya maka takardun da ƙasarsa ta sa ake bukata, a rubuta kwangila, ka yi masa rajista a asusun inshorar ma'aikata na CNSS. Albashinsa kada ya gaza mafi ƙanƙancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga jika 40 zuwa jika 52 a Janairun 2023. Kuɗin nan bai san ɗan gida ko baƙo ba.

Sai kuma 'yan jinga, masu zuwa ayari su yi sati biyu a fadama su wuce. Su ne mafi yawa a wajenka, kuma a kansu nake so ka fi sa ido, don nan ne rigima take fitowa. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ja masa layi. Ranar da ayari ya sauka, kafin kowa ya ɗauki lauje, a zauna gindin bishiya: sunan mutum da na mahaifinsa, garinsu, lambar katinsa, lambar wayar wani nasa a gida, jingar da aka yanke, ko a kan fili ce ko a kan buhu, da abinci ko ba abinci. Kowa ya dangwala yatsa. Ka ɗauki hoton katin da wayarka, ka miƙa masa abinsa nan take. Sannan ka kai shugaban ayarin wurin mai gari ya san da zamansu. Yankinku yanzu yanki ne da jami'an tsaro ke yawan tambayar wane ne wane, kuma ranar da aka tsaya a bakin gonarka, littafin nan shi zai yi magana a madadinka.

Za ka tarar da wanda ba shi da kati sam, don da yawa daga ƙauyukan bakin kogi ko takardar haihuwa ba a yi musu ba. Irin wannan, wani mai kati daga garinsu ya tsaya masa, a rubuta sunan wanda ya tsaya ɗin. Idan zamansa zai yi tsawo, ka matsa masa ya je ya yo kati.

Abu biyu ne ba na so ka kusanta. Na farko riƙe katin ma'aikaci a aljihunka wai don kada ya gudu da kuɗin kafin alƙalami. Wanda ba ya iya tafiya don takardarsa tana hannun wani, aikin tilas yake yi, ko da ana biyansa. Na biyu yara. Dokar Benin ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba, kuma ayarin dashe ba ya rasa ƙananan yara da aka jawo daga makarantar allo. Idan ka ga ƙarami, tambayi shekarunsa da wanda ya kawo shi, domin shigo da yaro daga wata ƙasa don aiki yana iya zama shari'ar fataucin yara, kuma sunan mai gona ba ya fita daga cikinta da sauƙi.

Akwai masu gonar da sai aiki ya ƙare, buhuna sun shiga sito, sannan su tuna cewa mutum ba shi da takarda, su rage masa jinga ko su yi masa barazanar kiran jandarma. Rashin kati bai soke ladan aikin da aka riga aka yi ba. Idan kana da shakka a kan mutum, ranar saukarsa za ka faɗa masa, tun bai shiga ruwa ba, ya samu damar neman wata gonar.