Darasi na 14: So Hana Ganin Laifi

Hausawa kan ce "so hana ganin laifi". Karin maganar bai ce laifin ya ɓoye ba. Laifin yana nan a fili, ido ne ya ƙi gani. Wannan hali shi ake kira yaudarar kai, kuma ya daɗe yana ɗaure wa masana falsafa kai. A yaudara irin wadda aka saba, mutum biyu ne: ɗaya ya san gaskiya, ɗaya bai sani ba. To yaya mutum guda zai zama shi ne mayaudari, shi ne kuma wanda aka yaudara? In ya san gaskiya, ba a yaudare shi ba. In bai san ta ba, me ya ɓoye wa kansa?

Tarihin adabin Masar yana da misali mai kyau. Mayy Ziyada marubuciya ce da aka haifa a Nazarat a 1886, daga baya iyayenta suka koma Alƙahira. A can ta buɗe majalisar adabi a gidansu kowace Talata, inda manyan marubuta irin su Ɗaha Husaini da Abbas al-Aƙƙad suke taruwa. Da yawa daga cikinsu sun kamu da sonta. Amma babu wanda abin ya yi wa nisa kamar Mustafa Sadiƙ al-Rafi'i, magatakardan kotu a garin Tanta, magidanci mai 'ya'ya, gwanin Larabci, wanda ciwo ya kurmantar tun yana matashi.

A farkon shekarun 1920 ya riƙa zuwa majalisar. Almajirinsa Muhammad Sa'id al-Aryan, wanda ya rubuta tarihinsa, ya bayyana cewa wata rana al-Rafi'i ya tarar da ita tana hira da wani mawaƙi, ya ga kamar ta yi biris da shi, sai ya fice cikin fushi, ya aika mata da takardar yanke hulɗa. Da ƙafarsa ya bar majalisar, amma zuciyarsa ba ta tashi ba. Duk lokacin da Mayy ta buga wata maƙala a mujalla, sai ya karanta ta a matsayin wasiƙa zuwa gare shi, ya nemo amsarsa a tsakanin layuka. Shi ma ya riƙa mayar da martani ta hanyar littattafai: Rasa'il al-Ahzan da al-Sahab al-Ahmar a 1924, sannan Auraƙ al-Ward a 1931. Masu nazari da dama suna ganin girmamawa ce kawai Mayy take yi masa, irin wadda take yi wa sauran baƙinta.

A nan ne amsar tambayar farko take fitowa. Al-Rafi'i bai zauna ya shirya wa kansa ƙarya ba. Hujjoji ya riƙa tacewa: abin da ya dace da burinsa ya ba shi nauyi, abin da ya saɓa ya wuce shi da sauri. Shiru ya zama kunya, nisa ya zama jan aji. Haka masanin falsafa ɗan Amurka Alfred Mele ya fassara yaudarar kai a littafinsa na 2001: ba sai mutum ya riƙe gaskiya da ƙarya a lokaci guda ba, ya isa buri ya karkatar da ma'aunin. Abin lura shi ne, yanke hulɗar ce ta raya mafarkin. Da ya ci gaba da zuwa ranar Talata, da idonsa ya gaya masa matsayinsa. Kallon kitse ake yi wa rogo daga nesa. Wanda ya ɗanɗana ya san bambanci.

Ita kanta Mayy zuciyarta tana wani wuri. Daga 1912 har zuwa rasuwarsa a 1931 tana musayar wasiƙu da Jibran Halil Jibran, marubucin Labanan mazaunin New York, amma ko sau ɗaya ba su haɗu ba. Son maso wani ƙoshin wahala, in ji Hausawa, sai dai a nan wahalar ta zagaya kowa. Duk da haka bai kamata a ɗora su a sikeli ɗaya ba: wasiƙun Jibran na gaske ne, da sunanta a kansu, na al-Rafi'i kuwa shi ya ƙirƙiro su daga rubutun da aka yi wa jama'a.

Akwai masu cewa ruɗin ya biya kuɗinsa, tun da ya haifar da littattafai uku da ake karantawa har yau. Wannan hujja tana da rauni. Ribar ta masu karatu ce. Mayy kuwa an mayar da ita wata mace ta daban wadda ba ita ba, ba tare da an nemi yardarta ba. Al-Rafi'i ya rasu a 1937, ita kuma a Alƙahira a 1941, ba ta taɓa yin aure ba.

Tambayoyi
1. Mene ne bambanci tsakanin yaudara da yaudarar kai?
2. Me ya sa nisa ya ƙarfafa ruɗin al-Rafi'i?
3. A nemo karin magana uku da ke cikin darasin, a yi amfani da kowanne a jimla.